Yadda ake kare mai tafiya a ƙasa da mai keke daga haɗarin mota a cikin unguwa

Da yawa daga cikin waɗanda mota ke kaɗewa a cikin gari sun hango ta tun kafin ta iso. Lissafi ne ya ci su: ko sun ɗauka za su riga ta, ko sun ɗauka direban ya gan su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma babu abin da ke kashe 'yan shekara 5 zuwa 29 kamar haɗarin hanya. Bayanin da ke tafe an gina shi a kan titunan birni irin Kano, inda mota da adaidaita sahu da kurkura da mai kurar ruwa da ɗan Islamiyya duk ke bin kwalta ɗaya, amma zai yi aiki a Kaduna ko Maraɗi, tunda duk hannun dama ake bi.

Lissafin da ya kamata kowa ya haddace

Motar da ke gudun kilomita 30 a awa tana cin mita 8 a kowane sakan. A kilomita 50 tana cin mita 14, a 60 kusan mita 17, a 80 kuwa mita 22. Daga lokacin da direba ya hango mutum zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka birki, ana lissafa masa sakan ɗaya da rabi, in dai hankalinsa na kan hanya ba kan waya ba. A wannan ɗan tsakanin motar ba ta rage komai ba. In aka haɗa da jan birki a busasshiyar kwalta, mai gudun 30 zai tsaya a kimanin mita 18, mai 50 a mita 35, mai 60 a mita 45, mai 80 sai ya kusa mita 70. In an yi ruwa, ko yashi ya rufe kwalta kamar yadda yake yi a gefen titunanmu bayan damina, ko taya ta suɗe, sai a ƙara a kan haka.

Shi kuwa baligi mai lafiya yana tafiyar mita 1.2 a sakan. Titi mai layi biyu faɗinsa kimanin mita 7 ne, wato sakan 6 kafin ya haye. A cikin sakan 6 ɗin nan motar da ke gudun 60 ta ci mita 100. Ke nan in tana ƙasa da mita 100 daga inda kake, ba kai ke riƙe da ranka ba, birkin direban ne. Tsoho, ko mace mai goyo da kaya a ka, ko mai jan yara biyu, a lissafa musu sakan 8 zuwa 9.

Gudun ne kuma ke raba wanda zai tashi da wanda ba zai tashi ba. In mota ta bugi mutum a gudun 30, kusan 9 cikin 10 suna rayuwa. Tsakanin gudun 50 da 65 kawai, haɗarin mutuwa na ninkawa sau huɗu da rabi. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, amma a layin da yara ke wasa 50 ɗin ma ya yi yawa. Shi ya sa taron ministocin duniya da aka yi a Stockholm a Fabrairun 2020 ya nemi a mayar da gudu 30 a duk inda mutane da motoci ke cakuɗa.

Tsallaka titi

Zaɓen wuri ya fi duk sauran matakan muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa sakaci. Ka tsaya inda kake hangen aƙalla mita 100 ta kowane ɓangare, inda kuma direba ke ganin ka tun daga kai har ƙafa. Wannan ya fitar da kan kwana, da bakin gangaren gadar sama ko mafitar gadar ƙasa inda motoci ke fitowa da gudu, da tsakanin motoci biyu da aka ajiye, da gaban bas ko adaidaita da ta tsaya sauke fasinja. In ka sauka daga adaidaita, ka sauka ta hannun dama, ɓangaren kwata, ka jira ta wuce hanya ta buɗe. Wanda ya zagaya ta gabanta ya fito ne daidai inda mai shan gabanta ba ya tsammanin kowa.

Daga nan sai a bi wannan tsari:

1. Ka tsaya taku ɗaya baya da bakin kwalta. Madubin bas da kayan da suka leƙo daga kurkura, irin su rodi da katako, suna wuce faɗin abin hawan.
2. Cire abin sauraro daga kunne, sa waya a aljihu. Mai hijabi ko mai hular sanyi ya juya kai gaba ɗaya, don yadin na tare ganin gefe.
3. Duba hagu, don daga nan motar da ta fi kusa da kai ke zuwa. Sai dama, sai hagu kuma.
4. Ka ƙara duban ɓangaren da bai kamata komai ya fito ba. Mai babur ko adaidaita da ya yi wanwe, wato ya bi hannun da ba nasa ba, yana bin gefen titi ne daidai inda ƙafarka za ta fara sauka.
5. Ka haye a miƙe, ba a karkace ba, da sauri amma ba da gudu ba, idonka a kan abin da ke tahowa. Karkacewa na ƙara maka nisa, tana kuma juya wa rabin motocin baya.
6. In ka fara, kada ka ja da baya ba zato. Direba yana kauce wa inda ya ga ka nufa, ta bayanka zai bi. In ka koma, kun haɗu.

A tagwayen hanyoyi irin titin Zariya ko titin Katsina ko titin Haɗeja, tsallakawa biyu ce, ba ɗaya ba. Ka haye rabin farko kana duban hagu, ka tsaya cak a kan shingen tsakiya, ka sake sabon lissafi kana duban dama. A nan ne kuma ake faɗa wa tarkon da ya fi kowanne muni: motar layin farko ta tsaya ko ta rage gudu ta ba ka hannu, ka shiga da sauri don kada ka ɓata mata lokaci, alhali jikinta ya rufe ka daga mai tahowa a layi na biyu, wanda bai san dalilin tsayawarta ba. Ƙa'ida ita ce kowane layi titi ne mai zaman kansa. Ka tsaya a gaban motar da ta tsaya, ka leƙa, sannan ka ƙarasa. Haka ma a cunkoso, inda motoci ke tsaye amma babura na ratsa tsakaninsu.

Kada ka dogara da farin zanen tsallakawa ko danja. Doka ta ba ka hanya, gaskiya ne, amma direbobi da yawa ba sa tsayawa, kuma sakan biyu na farko bayan ja ta kama su ne mafi haɗari, saboda masu ƙoƙarin tserewa. Walƙa fitila ma ba izini ba ne. A titunanmu wani na walƙawa yana nufin "wuce", wani yana nufin "kauce, ba zan tsaya ba". Abin da za ka gaskata shi ne tayar da ka ga ta rage juyawa. Inda akwai gadar masu tafiya a ƙasa, a hau ta. Inda aka sa waya ko shinge a tsakiyar titi, kada a bi ta ɓular da wasu suka yanka, don direba ya saki jiki cewa babu mai fitowa ta nan.

Tafiya a gefen titi, da maganar dare

Inda babu dakalin tafiya, ko 'yan tebur da masu faci sun cinye shi, ka bi hannun hagu, kana fuskantar motocin da ke tahowa. In kuna da yawa, ku yi layi ɗaya, yaro ta ɓangaren gini, babba ta ɓangaren titi. In kana tafiya a kan murfin kwata, ka lura da inda aka cire shi ko ya karye. Mutane na faɗawa titi ne wajen kauce wa rami ba tare da sun waiga ba.

Da dare ido na yaudarar mai tafiya. Kai kana ganin fitilar mota tun daga nesa, sai ka ɗauka shi ma yana ganin ka. Ba haka ba ne. Da ƙaramar fitila, mai baƙaƙen kaya ba ya bayyana sai a kimanin mita 25 zuwa 30, mai fararen kaya ya ɗan fi haka, mai abin ƙyalli kuwa ana hango shi daga fiye da mita 100. Ka koma kan lissafin sama: mai gudun 50 na buƙatar mita 35. Wato kafin ya ga mai baƙin hijabi ko baƙar jallabiya, aikin gama ya gama. Maganin ba shi da tsada. Kunna tocilar waya ka riƙe ta ƙasa-ƙasa tana lilo ta ɓangaren titi, ko a manna tef mai ƙyalli, irin wanda ake sa wa bayan manyan motoci, a jakar makaranta da sandar tsoho da bayan kurar ruwa. Fitila ɗaya da ka hango kada ka yanke cewa babur ne. Sau da yawa mota ce mai ido ɗaya, sauran faɗinta na cikin duhu.

Akwai lokutan da suka fi sauran: gab da magariba, lokacin da rana ke dukan idon duk direban da ya nufi yamma, rabin awa kafin shan ruwa a watan azumi, kowa na sauri ga yunwa, asubahin hunturu in hazo ya sauka, tashi daga masallacin Juma'a, da ranakun biki da Sallah, lokacin da samari ke wasa da mota da babur a cikin layi.

Yara

Yaron da bai kai shekara 10 ba bai iya kimanta gudun mota ba, ko da ya iya karanta maka ƙa'idar da ka. Yana ganin babbar mota a nesa ya ɗauka ta fi ƙaramar da ke kusa haɗari, kuma in hankalinsa na kan ƙwallo ko ɗan'uwansa da ya riga shi hayewa, ba ya ganin komai. Ga shi gajere, motar da ke ajiye ta rufe shi ruf. Don haka ba a aiken ɗan shekara 6 shagon da ke tsallaken kwalta, kuma 'yar shekara 8 ba ta isa ta zama mai tsallakar da ƙannenta ba, duk hankalinta. In za ka haye da ƙaramin yaro, ka kama wuyan hannunsa, ba yatsu ba; yatsu na zamewa in ya fizge.

Koyarwa a bakin titi ake yin ta. Ka tsaya da shi, ka ce ya faɗa maka lokacin da yake ganin za a iya hayewa, ba tare da kun motsa ba, ka gyara masa. A maimaita a hanyar da yake bi kullum har sai zaɓinsa ya daina saɓa wa naka. Iyaye kuma su daina kiran yaro daga tsallake. Mai mota a gida ya zagaya motarsa kafin ya yi baya daga gareji, don mai rarrafe da ɗan shekara 2 ba sa fitowa a madubi.

Makarantar boko ko Islamiyya da ƙofarta ke kallon titi ta sa manya biyu a lokacin tashi, ɗaya a kowane ɓangare, da riga mai ƙyalli da jan ƙyalle a sanda. A tara yaran rukuni-rukuni, babba ya fara shiga ya tsayar da motoci, sannan a sake su. A hana adaidaita ɗaukar yara a tsallaken ƙofa. In makarantar na da wata ƙofa ta cikin lungu, a mayar da ita ta fita.

Keke: gyara kafin hawa

Birki ne farko. Ka tura keken gaba ka matse na gaba, tayar baya ta ɗaga. Ka matse na baya, tayar ta ja ƙasa. In hannun birki ya taɓo kan keke kafin ya kama, waya ta saki ko roba ta cinye. Robar da tsagin jikinta ya shafe a canza ta, a kuma daidaita ta ta kama rim, ba taya ba, don in tana gugar taya za ta fasa ta. Tsofaffin kekuna irin Rali da Finis masu birkin ƙarfe da rim na ƙarfe kusan ba sa kamawa in rim ya jiƙe; bayan ka ratsa ruwa, ka riƙa ɗan matsa birki kana tafe har ya bushe. Tsayar da keke da silifas a kan taya ba birki ba ne.

Sai ka matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinka ka murɗa kan keken. In ya juya taya ba ta juya ba, a ɗaure. Iska a bi adadin da aka rubuta a gefen taya. Sarƙa in ta yi sako-sako tana faɗuwa ne daidai lokacin da ka danna feda da ƙarfi don ka tsere wa mota a mararraba. Sirdi ya kasance in diddigenka na kan feda a ƙasa ƙafarka ta miƙe. Yaron da ke tuƙa keken babansa ta ƙarƙashin sanda ba shi da ikon birki ko waiwaye, a bar shi a fili, ban da titi.

Fitila fara a gaba, ja a baya. Ƙaramar tocila mai caji da aka ɗaure da robar tsohon tif ta wadatar a gaba, a ɗan sunkuyar da ita. Ta baya ta fi muhimmanci, don abin da zai buge ka daga baya ba ka ganin sa. Fitilar da ke samun wuta daga juyawar taya tana mutuwa in ka tsaya, wato a mararraba inda ka fi buƙatar ta. A sa tef mai ƙyalli a feda ko idon sawu: abin da ke hawa da sauka ya fi saurin gaya wa direba cewa mutum ne. Hular kwano ta zauna daidai, yatsu biyu sama da gira, igiyarta a ɗaure yadda yatsa ɗaya ko biyu kawai za su shiga ƙarƙashin haɓa. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aiki ko ba a ga tsagewa ba.

A naɗe ƙafar wando ta ɓangaren sarƙa, a tattare babbar riga ko dogon hijabi a zauna a kai. In za a ɗauki yaro a bayan keke, a yi wa tayar baya kariya ta gefe da gefe ko a sa masa matakin ƙafa. Diddigen yaro in ya shiga tsakanin wayoyin taya rauni ne mai wuyar warkewa. Kaya kuma a raba nauyinsu gefe biyu. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, biyu sun kusa nauyin mutum, kuma birki zai buƙaci ƙarin nisa.

Keke: a kan titi

Mai keke direba ne, hannun dama zai bi tare da motoci. Ƙa'idar fuskantar motoci ta mai tafiya a ƙasa ce kawai. In ka yi wanwe, gudunka da na motar haɗuwa suke yi, kuma mai fitowa daga layi hagu yake kallo, ba zai duba inda kake tahowa ba.

Kada ka manne da bakin kwata. Ka bar kimanin mita ɗaya: can ne yashi da kwalabe da ramuka suke, kuma in ka matse kanka, ka gayyaci direba ya wuce ka a inda babu wurin wucewa. A kan yashi kada ka matse birkin gaba ko ka karya kwana. Motar da ke ajiye ma a ba ta mita ɗaya saboda buɗe ƙofa. Ka tafi a miƙe, ba shiga da fita tsakanin motocin da ke ajiye ba.

Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013, adaidaita ta zama abokiyar zaman mai keke a gefen dama, kuma halinta sananne ne: tana wuce ka, ta ga fasinja, ta yanko gabanka ta tsaya. Ka riƙa kallon mutanen da ke tsaye a bakin titi. In wani ya ɗaga hannu, ka san abin da zai biyo baya, yatsunka su kasance a kan birki. Kada ka bi ta damanta in ta tsaya, nan fasinja ke sauka. Ka waiga, ka miƙa hannun hagu, ka wuce ta hagu, ko ka jira.

Juyawa hagu a babban titi shi ne mafi wuya, kuma babu dalilin yin sa irin na mota. Ka miƙe ka haye mararrabar ta gefen dama, ka tsaya a ɗaya kusurwar, ka juya keken, ka jira hannu, ka sake miƙewa. A babban shataletale ko wurin juyawa na tagwayen hanya, ka sauka ka tura.

Tirela da tifa da tanka sai an yi musu magana ta daban. Direban na zaune a hagu, a sama, don haka ba ya ganin abin da ke gab da gabansa, da duk tsawon gefensa na dama, da bayansa. In ba ka ganin fuskarsa a madubinsa, shi ma ba ya ganin ka. In zai karya dama, yakan fara buɗewa hagu, sai wani fili ya bayyana tsakaninsa da kwata kamar an ba ka hanya. Tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, suna yanko kwanar ta ciki, su share wannan filin duka. Kada ka taɓa tsayawa ko wucewa ta daman babbar mota a kusa da kwana. Ka tsaya bayanta da nisa har ta gama. Kama jikin mota don ta ja ka kuwa, rami ɗaya ya isa.

Abin da unguwa za ta yi tare

A fara da gano wuraren. A zana taswirar unguwa a kwali, a tambayi mai shayi, da mai faci, da masu gadi, da malaman makaranta inda aka taɓa buge mutum ko ake yawan jin ƙarar birki, da lokacin. Yawanci za a ga abin ya taru a wuri biyu ko uku. Sai a auna gudu a nan: a yi alama biyu tsakaninsu mita 50, wato taku 65 zuwa 70 na babba, a riƙa ƙirga lokaci da agogon waya. Sakan 6 gudun 30 ne, 4.5 gudun 40, 3.6 gudun 50, sakan 3 gudun 60. A auna motoci 50 a lokacin tashin makaranta a rubuta. Takardar da ta zo da adadi da hoto da sa hannun mai unguwa da shugaban makaranta ta fi koke na baki nauyi a gaban kansila ko ƙaramar hukuma. A Kano, maganar ba da hannu da ajiye motoci ta KAROTA ce, gyaran titin jiha na hukumar KARMA da ma'aikatar ayyuka, titin tarayya kuwa na hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC.

Wasu gyare-gyaren ba sa cin ko sisi. A hana ajiye mota ko kafa tebur, rumfa da allon talla a cikin mita 10 daga kowace kwana. A matsar da wurin tsayawar adaidaita zuwa bayan mararraba. Mai gini ya kwashe yashi da bulo daga gefen titi. In za a rufe layi don biki ko zaman makoki, a sa alama tun daga bakin layin.

Sai tudun rage gudu, wanda kusan kullum ake yin sa ba daidai ba. Wanda matasa ke kafawa cikin fushi washegarin haɗari, siriri mai tsini, ko gungumen itace, ko tulin ƙasa, yana kayar da mai babur da mai keke da dare, yana wahalar da mai naƙuda, kuma direbobi na kauce masa ta gefen da mutane ke tafiya. Tudun kirki doguwar ƙusumbi ce: tsawonsa ta hanyar da mota ke bi mita 3.7, tsayinsa a tsakiya santimita 7.5 zuwa 10, yana hawa a hankali yana sauka a hankali. In tsakiyar 10 ce, a rabin hanya tsakanin baki da tsakiya ya zama 7.5. A yanka katako da wannan siffar a riƙa shafe saman da shi. Kwalta ta fi dacewa. In kankare za a yi, titi mai faɗin mita 6 zai ci kimanin kubik mita ɗaya da rabi, wato buhun siminti 10 zuwa 12 a haɗin 1:2:4 (siminti, yashi, tsakuwa), kuma sai an sare tsohuwar kwalta a bakin gaba da na baya an nutsa kankaren ciki, in ba haka ba siraran bakunan za su farfashe cikin 'yan makonni. A yi rabin titi, a riƙa ba shi ruwa kwana 7, sannan a yi ɗaya rabin. A bar ƙaramar hanyar ruwa a gefe, a shafa fenti fari ko rawaya, a kafa allo kafin a iso shi, a tabbatar akwai haske. Tudu ɗaya tak ba ya hana gudu, direba na rama lokacinsa da ya wuce. A jera su tsakanin mita 60 zuwa 100. Ba a sa shi a kan kwana, ko gangare mai tsanani, ko babbar hanyar tirela, kuma ba a taɓa titin gwamnati sai da izinin hukumar da ke da shi.

In an riga an buge mutum

A fara tare hanya. Mutum biyu su tsaya nesa ta kowane ɓangare suna tsayar da motoci, da dare da tocila, don kada a sake bin ta kan wanda ke kwance ko masu taimako. Wani ya kira 122, lambar FRSC, ko 112, ya faɗi sunan titi da wata alama da kowa ya sani. Wani ya ɗauki hoton lambar motar. Kada a taɓa direban. Tsoron duka ne ke sa da yawa gudu, kuma sau da yawa motarsa ce mafi kusa da za ta kai asibiti.

Kada a ɗaga wanda aka buge a zaunar da shi, kada a kwara masa ruwa, kada a ba shi ruwa ko madara ya sha: zai iya shaƙewa, kuma wataƙila tiyata za a yi masa. Mutum ɗaya ya durƙusa ta kansa ya riƙe kan da hannu biyu daidai da jiki. Inda jini ke zuba a danna da tsabtataccen ƙyalle da ƙarfi minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. Ban da ƙasa, toka ko man birki a kan rauni. In ya suma amma yana numfashi, a mirgina shi gefe, kai da wuya da gangar jiki su juya tare, don amai ya fita. In babu numfashi, a danna tsakiyar ƙirji santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti.

In dole a ɗauke shi kafin motar asibiti ta zo, a nemo ƙyauren ƙofa ko faffaɗan benci, mutum huɗu su ɗora shi a miƙe, a sa a bayan a-kori-kura ko bas. Naɗe mai ciwon wuya ko baya a kujerar adaidaita na iya mayar da karaya shanyewar jiki. Ƙafar da ta karye a ɗaure ta da katako biyu ko a haɗa ta da lafiyayyar, ba tare da an ja ta ba. A nufi asibitin da ke da sashen gaggawa da hoto da jini, a Kano irin Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ƙashi kuma Asibitin Dala. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Karayar da ƙashi ya huda fata, ko gaɓar da ta kumbura ta yi sanyi, ba ta mai ɗori ba ce. Ɗauri mai tsanani a kan kumburi na tsayar da jini har gaɓar ta mutu.

Wanda ya tashi ya karkaɗe riga ya ce lafiyarsa ƙalau, musamman yaro, a kai shi a duba in kansa ko cikinsa ya bugu. Jini na iya taruwa a cikin kai ko ciki a hankali. A sa masa ido kwana biyu: amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake tashinsa da ƙyar, rikicewar magana, jijjiga, ruwa ko jini daga kunne ko hanci, ciki ya ƙulle ko fitsari da jini. Ko ɗaya aka gani, a koma asibiti a wannan lokacin, ko tsakar dare ne. A kuma kai rahoto ofishin 'yan sanda na yankin a ajiye duk rasit na magani, don inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota ta shafi raunin wanda aka buge, kuma kamfanin zai nemi rahoton da takardun asibiti kafin ya biya.